Daga man gyaɗa zuwa sabulun ruwa: yadda ake sa mai ya narke a ruwa

Duk wadda ta taɓa matsar tunkuza ta san halin mai da ruwa. Ko buta guda aka juye a hannu, ruwan gangarewa yake yi ya bar maiƙo yana ƙyalli. Amma goggona, a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, in ta gama suyar ƙuli ba ta aiken yaro sayen omo. Tokar murhu take ɗiba, ta yayyafa mata ruwa, ta dirje kaskon da ita, sai ka ga maiƙon ya yi fari-fari ya bi ruwan ɗauraya. Na daɗe ina koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar sakandare kafin na farga cewa abin da nake zanawa a allo shi ne abin da take yi a bakin murhu. Ruwan toka yana cin wani ɓangare na man ya mai da shi sabulu, sabulun kuma ya kwashi sauran ya shiga ruwa da shi.

Abin da za mu yi a nan shi ne wannan aikin, amma da niyya kuma da awo. Da kilo 1 na mai za a samu kusan lita 5 na sabulun ruwa, wanda zai yi wanke-wanke da wanki, ya kuma haɗa man darbejiya da ruwa don feshi a lambu. Ya sha bamban da sabulun ruwan da ake koyarwa a tarukan koyon sana'a, inda ake dama salfonik da teksafon da naitirosol a bokiti. Waɗancan sinadarai an riga an gama sarrafa su a masana'anta, damawa da ƙarin ruwa kawai suka rage. A nan mu ne za mu canza man da hannunmu.

Abin da ke faruwa a cikin tukunya

Kowace ƙwayar mai, ko na gyaɗa ko na riɗi ko manja, ginin ta iri ɗaya ne: kai guda na wani sinadari da ake kira gilisarin, riƙe da dogayen jela uku. Jelar nan ba ta shiri da ruwa ko kaɗan, kuma wurin da zai iya shiri da ruwan an toshe shi da gilisarin. Idan kostik, wato sinadarin nan mai ƙona fata da ake dafa sabulu da shi, ya shiga, yana tsinke jelar uku daga jikin gilisarin, ya maƙala wa kowace ɗaya ƙwayar fotashiyam ko sodiyam a baki. Daga nan kowace jela ta zama mai fuska biyu: baki yana son ruwa, wutsiya tana son maiƙo. Wannan shi ne sabulu. Gilisarin ɗin da aka saki shi ma narkewa yake a ruwa, yana nan cikin haɗin, shi ke sa sabulun gida ya fi laushi a hannu. Wani masani Bafaranshe, Shebrol, shi ya fayyace wannan a littafinsa na 1823, ko da yake mutane sun shafe dubban shekaru suna dafa sabulu kafin a haife shi.

Abu ɗaya nake so a riƙe daga wannan bayani: kowace jela tana buƙatar ƙwayar kostik guda, ba ƙari ba ragi. In kostik ya gaza, mai zai rage yana yawo a sama. In ya yi yawa, ragowar ba ta da man da za ta ci, sai ta ci fatar mai wanki. Duk wahalar wannan sana'a a nan take.

Akwai wasu hanyoyin sa mai ya narke a ruwa. Man zurma, alal misali, in aka sarrafa shi da ruwan asid salfurik mai ƙarfi, yana komawa mai da ke narkewa tas, kuma marina a Turai sun yi ta amfani da shi wajen rinin ja tun ƙarni na 19. Na ambace shi ne don kada wani ya ji labari ya ɗauko ruwan batir ya gwada a tsakar gida. Wannan aikin ɗakin gwaji ne, yana buƙatar sanyaya da kayan kariya da ba mu da su.

Kostik iri biyu ne, kanwa kuma ba ta cikinsu

A shagunan kemikal, irin waɗanda ke yankin Sabon Gari a Kano, za a samu kostik soda, wanda ake rubuta wa NaOH a buhu, da kostik fotash, wanda ake rubuta wa KOH. Na farkon sabulu mai tauri yake bayarwa, na sanda. Na biyun yana ba da sabulu mai laushi kamar danƙo, mai saurin narkewa, kuma shi muke nema. Wanda ya yi ƙoƙarin yin sabulun ruwa da kostik soda zai kwana da ruwa ya tashi da abu mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, ko dunƙule.

A kula da suna. Masu Turanci suna kiran kanwa da sunan fotash, don haka in aka aiki yaro kasuwa da wannan kalma kaɗai, kanwa zai kawo. Kanwa dangin sodiyam ce, tana nunar da wake, tana gyara kunu, amma ƙarfinta bai kai ta juya kilo guda na mai ba. A ce wa mai shago KOH, a kuma tambaye shi ƙarfinsa. Yawancin wanda ake sayarwa kashi 90 cikin 100 nasa ne KOH tsantsa. Ya kasance ɓarɓashi fari, busasshe, mai ƙara in an girgiza. In ya jiƙe ya cure, ya sha iska, ƙarfinsa ya ragu, lissafinmu ba zai hau kansa ba.

Ruwan tokar karan gero ko na dawa yana da fotashiyam, kuma da irinsa ake dafa sabulun salo. Matsalarsa ita ce tokar yau ba ta zama daidai da ta gobe, sai wadda ta shekara tana yi ce ke gane ƙarfinsa da ido da harshe. Ina girmama wannan ilimi ƙwarai, amma ba zan iya rubuta shi da lamba ba, shi ya sa jagorar nan ta tsaya kan KOH.

Zaɓen mai

Man gyaɗa shi kaɗai yana ba da sabulu mai taushi a fata, sai dai kumfarsa kaɗan ce, kuma mai saye kumfa yake dubawa. Alayyadi, man ƙwarar manja, wanda masu kemikal ke kira PKO, shi ne mai kumfa da cin datti, amma in ya yi yawa yana busar da hannu. Haɗin da ya fi yi mini kyau shi ne gram 700 na man gyaɗa da gram 300 na alayyadi. A nemi alayyadi mai haske. Baƙin nan da ake soyawa yana yi, sai dai launinsa da ƙaurinsa za su bi sabulun. Da sanyin hunturu zai daskare a jarka, a sa shi a rana ko a ruwan ɗumi ya narke duka kafin a auna.

Man ƙuli na gida wani lokaci yana ɗauke da ɗan ruwa da gari. A ɗora shi a wuta kaɗan har ya daina tartsatsi, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle. Tunda man ci ya yi tsada, ga wata hanya: ragowar man suya na masu ƙosai da awara, wanda ya yi duhu har bai kamata a ci gaba da ci ba. A haɗa shi da ruwan gishiri mai zafi daidai yawansa, a motsa sosai, a bari ya kwana, a kwashe man da ya taso a tace. Sabulun wanki da wanke-wanke yake bayarwa mai kyau. Manja da man kaɗe kuwa a bar su wa sabulun sanda, don suna sa na ruwa ya yi gajimare.

Kayan aiki

Sikelin lantarki na kicin mai nuna gram ɗaya-ɗaya. Tukunya marar tsatsa ta sitil, ko samira wadda fentinta bai ɓare ba, mai cin aƙalla lita 6. Wata tukunya babba da za a zuba ruwa a zaunar da ta farko a ciki. Jug na roba mai kauri, wanda aka buga wa lamba 5 ko 2 a gindi. Muciya sabuwa da ba za ta koma tuwo ba har abada. Safar hannu ta roba, tabarau mai rufe ido, riga mai dogon hannu, takalmi rufaffe. Sai bokitin ruwa cike a gefe.

Kada kostik ya taɓa alminiyam, wato sanholo. Galibin manyan tukwanen da maƙeranmu ke zubawa da shi ake yin su. Kostik yana cin sa, ya yi baƙi, ya riƙa fitar da iska mai kama wuta, ga shi kuma kusa da murhu ake aikin. Tukunyar waje mai ruwa ce kaɗai za ta iya zama ta alminiyam.

Ruwan kuma ya zama na sama, wanda aka tara bayan ruwan farko ya wanke kwano. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse a yankinmu yana da zartsi, kuma ma'adinan da ke cikinsa suna kama sabulu su mai da shi dusa-dusa mai iyo. Gwajin mai sauƙi ne: in sabulun wanka yana wahalar kumfa da ruwan gidanku, to bai dace da wannan aiki ba.

Lissafi da awo

Kowane mai yana da adadin KOH tsantsa da kilo 1 nasa ke ci. Man gyaɗa da man riɗi kusan gram 190 ne, man angurya kusan 195, manja kusan 200, man kaɗe kusan 180, alayyadi kusan 245. Dubi tazarar da ke tsakanin gyaɗa da alayyadi, za a gane dalilin da ya sa ba a musanya wani mai da wani a bar kostik yadda yake. Ragowar man suya da ba a san asalinsa ba a lissafa shi a 190.

Ga namu. Gram 700 na man gyaɗa zai ci gram 133. Gram 300 na alayyadi zai ci gram 74. Jimla 207. Tunda kostik ɗinmu kashi 90 ne, sai a raba 207 da 0.9, ya ba da 230. Daga nan a rage kashi 3 cikin 100, wato gram 7, don a tabbatar mai ne zai ɗan rage ba kostik ba. Abin da za a auna ke nan: gram 223 na KOH. Ruwan narkar da shi ninki uku ne, gram 670.

Komai da sikeli, har ruwan. Lita 1 ta man gyaɗa ba kilo 1 ba ce, wajen gram 910 take, kwalaben kasuwa kuma kowace da cikinta. Gwangwanin madara cike da kostik yau zai iya fin na jiya nauyi, gwargwadon girman ɓarɓashin da yadda aka danna.

Karon farko da na yi da goggo ba mu da sikeli, muka auna da gwangwani. Sabulun ya yi kyau a ido, ya yi kumfa, ta yi wanki da shi kwana biyu, fatar tsakanin yatsunta ta saɓule. Abin ya dame ni matuƙa, don ni na kawo mata aikin. Da na sayo sikeli ta dube shi ta ce, "Kai ɗan nan, ni da na shekara talatin ina awon gishiri da ido?" Na ce, "Goggo, gishiri in ya zarce a miya ruwa ake ƙarawa. Wannan in ya zarce, hannunki zai ci." Tun daga ranar ita ke riƙe da sikelin, a cikin leda, a ƙasan adakarta.

Kafin a buɗe kostik

A fitar da yara daga wurin gaba ɗaya, a sa babba ya tsare su, a ɗaure awaki. Ruwan kostik ba shi da launi, ba shi da wari, kamar ruwan randa yake. Yaran da suka kurɓe shi a gidajen masu yin sabulu suna ƙarewa da ƙonannen maƙogwaro wanda ke tsukewa, wasu har abinci ya gagara wucewa sai da tiyata. Shi ya sa ba na goyon bayan abin da wasu ke koyarwa, wai a jiƙa kostik a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu. Ba ya buƙatar haka. Cikin minti biyar yake narkewa, a narkar da shi a lokacin da za a yi aiki da shi, kada ya taɓa zama a kofi ko buta ko gorar lemo.

In ya fallatsa a fata, a cire tufar da ya jiƙa, a yi ta kwarara ruwa minti 15 zuwa 20. In ido ne, haka za a yi ta zuba ruwa ido a buɗe, sannan a tafi asibiti ko da zafin ya lafa. In wani ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko tsami, don amai zai sake ƙona hanyar da ya bi. A kurkure masa baki a garzaya asibiti da ledar kostik ɗin a hannu.

Narkarwa da haɗawa

A auna mai biyun a tukunyar sitil, a zaunar da ita cikin babbar tukunya mai ruwa, a ɗora a kurfoti da gawayi madaidaici. Ana son man ya kai wajen digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, wato zafin da hannu ba zai iya daɗewa a jikin tukunyar ba, amma ba ya hayaƙi.

Kafin nan a auna ruwa gram 670 a jug, a fili, iska tana kaɗawa daga bayanku. A riƙa zuba kostik cikin ruwan kaɗan-kaɗan ana motsawa. Kostik ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a kan kostik, don zai iya tafasa nan take ya watso fuska. Za a ji yana huci yana ƙara, jug ɗin ya ɗau zafi, tururi mai shaƙe maƙoshi ya tashi. A kau da fuska. In ruwan ya washe babu ɓarɓashi a ƙasa, ya yi.

Sai a tsiyaya shi cikin man a hankali, siriri, ana juya muciya. Nan take haɗin zai yi fari kamar kunun gyaɗa, kuma nan ne haƙuri ke farawa. Da an daina motsawa zai tsinke, mai a sama ruwa a ƙasa. Wannan ba lalacewa ba ce, haka KOH yake da man gyaɗa. A ci gaba da tuƙi, minti goma ana yi, minti biyar ana hutawa. Da muciya zai iya ɗaukar awa ɗaya zuwa biyu kafin ya kama jiki, shi ya sa ya fi daɗi mutum biyu su riƙa karɓa-karɓa. Wata dabara da ke rage wahalar: a kankare sabulun wanki na sanda kamar cokali biyu a narkar a cikin man tun farko. Tsohon sabulun yana riƙe mai da ruwa wuri ɗaya har sabon ya fara samuwa.

Zai bi matakai da duk mai tuƙa tuwo za ta gane. Daga kunu ya koma kamar koko mai kauri, ya koma talge, wani lokaci ya yi gudaji kamar zai ɓaci, sannan farat ɗaya ya ɗaure ya yi tauri har muciya ta tsaya a ciki. A daidai lokacin da yake ɗaurewa yakan kumbura ya taso, saboda haɗuwar da kanta tana fitar da zafi. Dalilin babbar tukunya ke nan. In ya taso, a sauke daga wuta a motsa, zai koma.

Dafuwa

Da ya ɗaure, a rufe tukunyar, a bar ruwan tukunyar waje yana ɓararraka a hankali awa biyu zuwa uku. Duk rabin awa a buɗe a juya shi gwargwadon iko, a duba ko ruwan waje ya ƙone a ƙara. A hankali farin zai gushe, ya koma ruwan zuma mai ɗan haske, kamar man basilin. In an ga ruwa kwance a ƙasan tukunya, a tuƙa shi ya koma ciki, kostik ne da bai gama aiki ba.

Wanda ba ya son ƙona gawayi yana da wata hanya, musamman a watannin bazara. Da ya ɗaure a rufe tukunyar ruf, a naɗe ta da tsohon bargo, a ajiye a ɗakin da ake kullewa kwana biyu. Zafin jikinsa zai ƙarasa aikin. Na gwada duka biyun, sabulun bai bambanta ba, sai dai na bargon yana son a tabbatar ya ɗaure sosai kafin a rufe.

Gwaji

A ɗebi cokali ɗaya a narkar a rabin kofin gilashi na ruwan sama mai zafi, a bar shi ya huce. In ya yi fari kamar nono, ko ɗigon mai yana yawo a sama, bai nuna ba, a mai da shi wuta awa guda. In ya yi garau ko ɗan hazo-hazo, ya yi. Man gyaɗa yana da wasu dogayen jela da ba sa narkewa sosai, don haka ɗan hazon nan halinsa ne, zai kwanta daga baya.

Saura gwajin kostik. Takardar gwajin pH, mai canza launi ta nuna ƙarfin kostik da lamba, in an samu a shagon kemikal, ta nuna tsakanin 9 da 10. Masu sana'ar kuma suna da nasu: a jiƙa yatsa, a goga a jikin dafaffen sabulun, a ɗan taɓa kumfar a ƙarshen harshe, a tofar a kurkure. In ɗanɗanon sabulu kawai aka ji, lafiya. In ya yi tsau kamar an lasa batir, akwai ragowar kostik. Ba a yin wannan gwaji sai bayan an gama dafuwa. Maganin mai tsau shi ne a ƙara man gyaɗa gram 20, a tuƙa, a sake dafawa awa ɗaya, a sake gwadawa.

Tsinkawa

Abin da ke tukunya yanzu uwar sabulu ce, wajen kilo 1 da gram 700. A roba mai murfi tana shekara ba ta yi komai ba, don haka ba dole a tsinka ta duka rana ɗaya ba. Ga kowane kilo 1 na uwar a tafasa lita 2 na ruwan sama, a gutsuttsura ta a ciki, a rufe, a bar shi ya kwana. Kada a buga shi da muciya, kumfa kawai za a tara. Da safe in an ga fata ta kwanta a sama kamar ta madara, ko gudaji sun rage, a ƙara ruwan zafi kofi ɗaya a sake rufewa, har ya narke duka.

A juye a jarka a ajiye mako ɗaya zuwa biyu. Hazon zai sauka ƙasa, a tsiyaye na sama a kwalabe, na ƙasan a yi wankin tsumma da shi.

Zai fito tsararo, bai kai kaurin na kanti ba, kuma masu saye za su yi magana. Kaurin na kanti wani sinadari ne ake ƙarawa, ba shi ke wanki ba. In ana son ya ɗan yi jiki, a narkar da gishiri gram 20 a ruwa gram 80, a riƙa ɗiga cokali ɗaya a lita guda ana jira minti goma tsakani. Yana kai wani matsayi ya yi kauri, in aka wuce nan kuma ya tsinke ya yi fari, don haka a fara gwadawa a kofi. Turare kada ya wuce gram 10 a lita, shi ma a gwada a kofi tukuna, don wani turaren yana raba sabulu. Wanda za a kai gona kada a sa masa turare ko kala ko gishiri. Mai niyyar zubawa a kwalba da suna ya kai kasuwa ya sani cewa sabulu yana cikin kayan da hukumar NAFDAC ke yi wa rajista.

Mai son na sanda kuma, aikin ya fi wannan sauƙi: manja gram 500, alayyadi 300, man gyaɗa 200, kostik soda gram 143 a ruwa gram 330. A haɗa su da ɗumi, a tuƙa har ya yi kaurin koko, a juye a akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda, a yanka bayan kwana ɗaya ko biyu, a shanya a inuwa mako huɗu zuwa shida kafin a taɓa wanka da shi.

Kai shi lambu

Masu noman rani a Kura da Kadawa da fadamun Haɗeja sun san darɓa da farin ƙuda. Sabulun kostik fotash shi kaɗai yana kashe irin waɗannan ƙwari masu laushin jiki in ya jiƙa su, kuma ya fi omo sauƙi a kan ganye. A fara da mililita 20 na sabulunmu a kowace lita ta ruwa, wato mililita 320 a injin feshi na goyo mai lita 16.

Amfaninsa na biyu shi ne ɗaukar man darbejiya. A nan ba ma son mu canza man, don sinadarin da ke hana ƙwari ci da girma yana lalacewa in ya gamu da kostik. Saboda haka ba a dafa man darbejiya ya zama sabulu in feshi ake nufi. Sabulun da ya riga ya nuna ne zai farfasa shi ƙanana ya rataye shi a ruwa. Ga injin lita 16, a auna man darbejiya mililita 80 da sabulu mililita 50, sirinji babba yana wannan awo da kyau. A fara haɗa su biyun a gora su zama ɗaya, a ƙara ruwan ɗumi lita 1, a girgiza har ya yi fari kamar madara ba ɗigon mai a sama. Sannan a juye a injin da aka cika rabi, a ƙarasa cikawa. In aka zuba man kai tsaye a tanki, zai taru a sama, shukar farko ta sha ruwa zalla, ta ƙarshe ta sha mai ta ƙone.

A yi feshi bayan la'asar, rana ta yi sanyi kuma ƙudan zuma sun ragu. A bi ƙarƙashin ganye, nan ƙwarin suke. A riƙa jijjiga injin a baya lokaci-lokaci, kuma abin da aka haɗa a ƙarar da shi a ranar. Kafin a bi gona duka, a fesa wa shuka biyar a jira kwana biyu a ga ko gefen ganye ya ƙone, in ya ƙone a rage sabulun da rabi. Ana maimaitawa duk mako in ƙwarin suna nan.

Kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye tumatir a Kano da Jigawa a 2016, cikin naman ganye da cikin 'ya'ya take shiga, inda sabulu ba ya kai wa. Darbejiya tana iya rage ta in an fara da wuri, amma in ta riga ta kama gona a nemi malamin gona. Bayan an gama, a ɗauraye tanki da bakin feshi da ruwa mai tsabta tun kafin man ya bushe ya toshe ramin.